Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Karatun yau: 1 Sarakuna 14:25-28, Ayyukan Manzanni 19:11-20

In ka taɓa tsayawa gaban teburin mai gyaran agogo, ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko a Sabon Gari ta Kano, ka san ɗan akwatin gilashin nan da yake jera tsofaffin agoguna a ciki. Wasu gilashinsu ya dushe, wasu sarƙarsu ta saki, wasu kuwa tun da masu su suka kawo gyara ba su waiwaye su ba. A cikinsu da wuya ka rasa guda ɗaya wanda in ka hango shi daga nesa za ka ce Rolex ne. Sai ka matso ka karanta abin da ke rubuce a fuskarsa, ka ga ashe Seiko ne, ko Orient, ko Citizen.

Ga tambayar da nake so ka yi tunani a kanta yau: wanda ya ɗaura irin wannan agogo, ƙarya ya yi? Kada ka yi saurin amsawa, gama amsar za ta biyo ka har cikin majami'a.

Bari mu fara da sanin inda kamannin ya samo asali. Wani Bajamushe mai suna Hans Wilsdorf ne ya kafa kamfanin da ya zama Rolex, a birnin Landan a 1905, daga baya ya mai da shi Janeba ta ƙasar Suwizalan. A 1945 suka fito da Datejust, mai ɗan tagar kwanan wata a wajen ƙarfe uku. A 1953 suka ƙera Submariner domin masu nutso cikin teku, da zobe mai juyawa kewaye da gilashinsa. A 1956 kuma sai Day-Date, wanda ake rubuta sunan rana cikakke a saman fuskarsa, kuma da zinariya ko wani ƙarfe mai daraja irinta kaɗai ake yin sa. Siffofin nan sun shiga idon duniya, har wasu kamfanoni suka bi sawu. Bulova na Amurka ya yi Super Seville, mai kama da Day-Date ƙwarai. Orient na Japan ma ya yi nasa. Seiko 5, wanda ya fara fitowa a 1963, yana da samfura da yawa masu kama da Datejust. Shi ne agogon da ba ya bukatar batir, motsin hannunka ne ke yi masa wani, yana kuma nuna rana da kwanan wata. Malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da yawa a ƙasar nan da shi suka tsufa.

Abin mamaki, shi kansa Wilsdorf ya san ba kowa ke iya sayen Rolex ba. Saboda haka a 1946 ya kafa kamfanin Tudor, wanda ya daɗe yana sa injin da ya sayo daga wasu maƙera cikin jiki irin na Rolex, yana sayarwa da rahusa. Amma bai rubuta Rolex a matsayin sunan agogon ba. Ya ba shi sunansa na kansa, domin mai saye ya san abin da ya biya.

Wani zai ce, ai kwaikwayon ƙirar wani ma sata ce. Maganar tana da nauyi, kada mu yi watsi da ita. Wanda ya yi wahala ya ƙirƙiro abu yana da haƙƙin cin guminsa, shi ya sa dokokin ƙasashe suke kāre sabuwar ƙirƙira na wani lokaci, galibi shekara 20, kafin ta zama ta kowa. Suna da tambari kuwa ana sabunta rajistarsu muddin mai su yana aiki da su. Mu ma haka muke a nan. Ɗinkin aska takwas da ke gaban babbar riga, maɗinka nawa ne suka yi shi daga Kano zuwa Gumel? Ba wanda ya ce da su ɓarayi. Amma ranar da wani ya ɗinka tasa ya ce da mai saye aikin wane ne, alhali ba shi ba ne, ranar ya ci haram.

To, agoguna iri uku ne a gabanmu. Na farko ya yi kama da babba, amma yana ɗauke da sunansa. Wannan bai yaudari kowa ba. Na biyu jabu ne: an zana kambin Rolex a fuskarsa, an shafa masa ruwan zinariya, cikinsa kuwa injin banza ne. Kafin damina biyu ruwan ya koɗe, hannunka ya yi kore. Wannan kowa ya san hukuncinsa. Na ukun shi ne ya fi wuyar ganewa, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Agogo ne mai gaskiya a hannun mutum marar gaskiya.

Ni na ɗaura na ukun. Mahaifina ya bar mini tsohon Seiko mai launin zinariya, wanda ya yi shekaru yana duba lokacin tafiya sujada da shi. Wata rana na sa shi zuwa wani biki a Gumel. Ina zaune sai wani da muka yi makaranta tare ya kama hannuna ya ce, "Kai ɗan'uwa, Allah ya yi maka buɗi ke nan, har da Rolex?" Ban ce i ba, ban kuma ce a'a ba. Murmushi na yi, na ja hannun rigata ya rufe sunan, na bar zoben yana walƙiya. A hanyar komawa Gagarawa na yi ta faɗa wa kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, tun da bakina bai furta kome ba. Amma Ruhu Mai Tsarki bai bar ni na yi barci da wannan hujja ba. Agogon ya faɗi sunansa a fili, ni ne na toshe masa baki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na ji kunyar abin da mahaifina ya saya da halalinsa, na so a ɗauke ni mutumin da ba ni ba.

Ka duba karatunmu na farko. Sarki Sulemanu ya ƙera garkuwoyin zinariya, manya 200 da ƙanana 300. A shekara ta biyar ta sarautar ɗansa Rehobowam, Shishak sarkin Masar ya kawo wa Urushalima yaƙi ya kwashe su. Rehobowam ya sa aka ƙera na tagulla a madadinsu. Duk lokacin da zai tafi Haikali sai matsara su ɗauko su, in an gama su mayar ɗakin tsaro. Tagulla in ta sha goga tana ƙyalli a rana, mai kallo daga nesa ba lalle ya bambanta ba. Tagulla ba abin kunya ba ce, garkuwar tagulla ma ta fi ta zinariya tare mashi. Abin baƙin ciki shi ne dalilin tafiyar zinariyar, wato sarki da jama'arsa sun rabu da shari'ar Ubangiji, kamar yadda 2 Tarihi sura 12 ta nuna. Jerin gwanon bai fasa ba, amma ɗaukakar ta riga ta tafi. Haka mai bi zai iya daina addu'a a ɓoye wata da watanni, amma ran Lahadi muryarsa ta fi ta kowa tashi.

Karatu na biyu ya fi wannan zafi. A Afisa Allah ya yi manyan al'ajibai ta hannun Bulus. 'Ya'yan Siba su bakwai suka ga abin ya ba su sha'awa, suka ɗauki sunan Yesu suka liƙa a kan sana'arsu ta korar aljannu, ba tare da sun san shi ba. Kalmomin daidai suke da na Bulus, wataƙila har da murya. Amma mugun ruhun ya shaida Yesu, ya shaida Bulus, su kuwa ya nemi sanin ko su wane ne. Suka fita daga gidan a guje, tsirara, da raunuka. Kambi ne a fuska, ba inji a ciki.

Kada ka ɗauka ana hana ka koyi da na gaba. Bulus da kansa ya gargaɗi Korantiyawa su yi koyi da shi yadda shi yake koyi da Almasihu. Yaron maƙeri da kwaikwayo yake koyon riƙon guduma, kai ma da kwaikwayon iyayenka cikin bangaskiya ka koyi addu'a. Dukanmu an kira mu mu yi kama da Yesu, ba kuwa wanda zai zama shi. Mai koyi na gari yana cewa, "Daga wurin wane na koya, ga kuma iyakar inda na kai." Mai jabu kuwa so yake a ba shi girman da bai yi wahalarsa ba.

Yanzu ka juyo da tambayar kanka. Kai matashi mai sha'awar wa'azi, ka kwashe muryar wani babban mai bishara da ka gani a waya, da tafiyarsa, da yadda yake share gumi. Ka kwashi azuminsa da tsarkin rayuwarsa kuwa? Ke 'yar'uwa, ranar ba da shaida, abin da Ubangiji ya yi miki kika faɗa, ko kin ƙara gishiri don taki ta kai ta wance? Hananiya da Safiratu ba don sun ba da kaɗan aka hukunta su ba. Gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne. Sun kawo sashi ne suka rubuta masa sunan duka. Kai mai kai riɗi kasuwa, abin da ke bakin buhu shi ne a ƙasansa? Kai magidanci, bashin da ka ci don a gan ka da sabuwar shadda ran Kirsimeti, wa zai biya shi in rani ya yi tsanani, in ba cikin 'ya'yanka ba? Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wata ta'aziyya a nan domin wanda yake ganin shi ƙarami ne. Tun da Seiko ya fito da agogon hannu na quartz na farko a kasuwa, a watan Disamba na 1969, aka shiga zamanin da agogon talaka yake iya riƙe lokaci daidai fiye da agogon attajiri mai aiki da wani. Aikin agogo shi ne ya faɗi lokaci da gaskiya, kuma tsada ba ta ƙara masa ko daƙiƙa ɗaya a yini. Idan baiwarka share majami'a ce, ko koyar da yara, ko ziyarar marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da mu, ka yi ta da sunanka. Ikilisiya ma ta kiyaye, kada ta zama ita ke tura mutane ga jabu. In mai zoben zinariya ne kullum ake ba kujerar gaba, abin da Yakubu ya tsawata a sura ta 2 ta wasiƙarsa, to, mu ne muke koya wa matalauta su ja hannun riga su rufe sunansu.

Mai gyaran agogo ba ya gardama da kai a kan fuska. Juya shi yake yi, ya buɗe murfin baya, ya sa ɗan madubinsa a ido, nan take ya san abin da ke hannunsa. Haka Ubangiji ya koya wa Sama'ila a gidan Yesse, sa'ad da tsayin Eliyab ya ruɗe shi: zuciya ce ake dubawa. Ranar buɗe murfi tana zuwa ga kowannenmu. Gara ka kai kanka wurin Mai gyara tun yau, da hannunka, gama shi ba ya jefar da agogon da ya tsaya. Mutanen Afisa da suka ji labarin 'ya'yan Siba haka suka yi, suka zo suna bayyana ayyukansu a fili, maganar Ubangiji kuwa ta ƙara haɓaka.

Ni ma daga baya na nemi abokin nan nawa na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya ya ce mahaifinsa ma irinsa yake da shi. Har yau agogon yana hannuna, kuma ba na ƙara jan hannun riga a kansa.

Abin yi yau: Ka tuna da mutum ɗaya da ka bari ya ɗauke ka abin da ba kai ba ne, ko da da shirunka ne. Ka neme shi cikin makon nan ka gyara maganar.

Addu'a: Ya Uba, kai da kake ganin abin da ke bayan murfi, ka gafarta mini inda na ari sunan da ba nawa ba. Ka cire mini kunyar abin da ka ba ni. Ka cika ni da Ruhunka, domin kamannina da Ɗanka ya fara daga ciki. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.