Ɗan Sandan Talabijin da Ɗan Sandan Titi

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini rai: shin laifi ne mutum ya so wasan da aka shirya don a wanke azzalumi?

Abin da ya jawo ta shi ne wani tsohon wasan talabijin na ƙasar Polan da na kalla, mai suna 07 zgłoś się, wato "07, amsa kira". An yi shi daga 1976 zuwa 1987, kashi 21, a zamanin mulkin kwaminisanci. Bronisław Cieślak ne ya fito a matsayin Laftana Borewicz, ɗan sandan ciki mai kaifin basira da barkwanci, wanda ba ya cin hanci, ba ya shakkar gaya wa na gaba da shi gaskiya. Mutanen Polan sun so shi ƙwarai, har bayan faɗuwar mulkin a 1989 aka yi ta maimaita wasan. Ni ma ba zan ɓoye ba, ya shiga raina.

To, amma ga inda gizo yake saƙar. Rundunar da Borewicz yake wa aiki, Milicja, ita ce sandar dukan gwamnati. Ran 16 ga Disamba 1981, wani sashenta ya harbe ma'aikata 9 a mahaƙar kwal ta Wujek. A 1983 kuma aka lakaɗa wa Grzegorz Przemyk, ɗalibi ɗan shekara 18, duka a ofishin 'yan sanda a Warso, bayan kwana biyu ya rasu. Duk a cikin shekarun wasan ke nan.

Wani zai ce masu kallon an yaudare su ne. Ban yarda ba. Wanda ya ga kulki da rana ba ya mance shi da dare don ya kunna talabijin. A ganina sun san ɗan sandan titi sarai, shi ya sa suke marmarin na talabijin. Ƙishirwar adalci ce, kuma ba a zargin mai ƙishirwa don ya dubi rijiya.

Tsorona yana wani wuri dabam. Waɗanda suka sha dukan suna ƙarewa, wasan kuwa yana nan daram, da kiɗansa da motarsa Polonez. Yaron da aka haifa daga baya, in ba a gaya masa ba, Borewicz zai ɗauka shi ne tarihi. Nan ne ƙarya take samun abin da ta kasa samu a zamaninta.

Saboda haka ga hukuncina: a kalla, a yi dariya, a yaba gwaninta, amma kada a karɓi shaidarsa. Duk wanda ya ambaci Borewicz, bashi ne a kansa ya ambaci Przemyk. Allah ya raba mu da mantuwa, amin.