Karatu Ko Aiki: Darasi Daga Littattafan Mabiya Buda

Shin mutum na iya samun natsuwar zuciya ta hanyar karatun littafi kawai? Tambayar ta shafe mu, mu da sana'armu ita ce karatu. Bari mu duba ta a wurin mabiya addinin Buda, waɗanda suka daɗe suna tattauna ta.

Buda ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin Miladiyya, kuma bai rubuta kome ba. Almajiransa haddace maganganunsa suka yi, sai a ƙarni na 1 kafin Miladiyya aka rubuta su da harshen Pali a Sri Lanka. Mai son sanin yadda suke zaman tunani ya fara da Satipatthana Sutta, wadda ke koyar da lura da numfashi, da jiki, da abin da ke ɗarsuwa a zuci. Sai Dhammapada, mai baiti 423 a kan tarbiyya. In ya yi nisa, ga Visuddhimagga na Buddhaghosa, na ƙarni na 5 Miladiyya, wanda ya lissafa abubuwa 40 da ake tattara hankali a kansu. Ga ɗalibin da ke neman shimfiɗa, littafin Walpola Rahula na 1959, What the Buddha Taught, ya wadatar.

To, amma malaman Theravada sun kasa al'amarin gida uku: karatu, da aiki da shi, da ganewa. Wato littafi matakin farko ne kurum. Wanda ya haddace babin haƙuri, ya fito ya zagi mai shara don ƙura ta taɓa masa riga, me ya karanta?

Wani zai ce, ashe a ajiye littattafan ke nan. Ko kusa. Mai zaman tunani ba jagora yana iya ɗaukar gyangyaɗi a matsayin natsuwa, ko ya ɗauki girman kai a matsayin hikima. Littafi ne ke ba shi ma'auni.

A ganina, amfanin irin wannan karatu yana bayyana ne ranar da aka ɓata wa mutum rai. Saboda haka, ɗan'uwa, in ka karanta shafi guda, rufe littafin ka zauna minti 10 kana lura da numfashinka. Nan za ka ga yawon da zuciyarka ke yi.