YARAN DA KE TSAYE SUNA KALLO SU NE MAGANIN CIN ZALI A MAKARANTU



'Yan uwa, a watan Afrilun 2024 bidiyo ya karaɗe wayoyinmu daga makarantar Lead British a Abuja: ɗaliba tana shan mari daga 'yar uwarta ɗaliba, har aka rufe makarantar kwana uku. Kowa ya tsine wa mai marin. Amma ku sake duba bidiyon, za ku ga yara tsaitsaye, wani ma ya riƙe waya yana ɗauka. Su nake son mu yi magana a kai.

Kada mu ce abin na 'ya'yan masu kuɗi ne. Duk wanda ya yi makarantar kwana a Birnin Kebbi ko Argungu ya san yadda siniya ke sa ɗan aji ɗaya wanki da ɗibar ruwa, ya ƙwace masa garin kwaki da sukari, ya sa shi tsallen kwaɗo bayan an kashe fitila. Ga laƙabin banza: a yi wa yaro dariya don tsagen fuskarsa, ko don Hausarsa ba ta nuna ba, shi Bazabarme ne ko Badakkare. Allah Ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi a Suratul Hujurat, aya ta 11, bai kuma ware yara daga wannan tarbiyya ba.

Malami ba ya ɗakin kwana da tsakar dare. Uba yana gida. Wa ke wurin? Sa'o'insa.

Ku tuna Hilful Fudul. Wani baƙo daga Zubaid ta Yaman ya sayar wa Al-As bn Wa'il kaya a Makka, ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bn Jud'an, suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, har aka biya baƙon haƙƙinsa. Manzon Allah (SAW) ya halarta yana saurayi, bayan annabta kuma ya yabi wannan alkawari. A hadisin Anas cikin Bukhari ya koyar da cewa shi ma azzalumi ana taimakonsa ne ta hanyar riƙe hannunsa.

To, ɗaliban MSS, ga aiki. Amir da Amira, ku zaɓi yara biyar ko shida a kowane ɗaki waɗanda ake jin maganarsu, ba lallai sai firifet ba. Su yi alkawari uku: ba za su yi dariya ba in ana wulaƙanta wani, ba za su bar sabon yaro ya zauna shi kaɗai ba, in abin ya kai ga duka su tafi tare su sanar da malami. Azzalumi 'yan kallo yake nema. Ya rasa masu dariya, jikinsa sanyi yake yi.

Iyaye, ku koya wa yara cewa kai ƙarar zalunci ba annamimanci ba ne. In ɗanku ya dawo hutu, bayan sakamakon jarrabawa ku tambaye shi: wa ka tsaya wa a wannan zango?

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su daga zalunci da zama azzalumai. Amin.