Agogon Keke da Sifilin Gaisuwa

A kwanakin baya muka tsaya wajen mai faci a Rijiyar Lemo, bakin titin Katsina, sai wani ɗalibinmu ya iso da kekensa. A kan keken ya ɗaura wata 'yar na'ura kamar agogon hannu, wadda ya ce a Sabon Gari ya saye ta. Tana nuna masa saurin gudunsa da yawan kilomitar da ya ci.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Akwai ɗan maganaɗisu maƙale a wayar ƙafar gaba. Duk zagayen da taya ta yi sai ya gifta wani ɗan abu mai jin wucewarsa, na'urar ta ƙirga ɗaya. Tayar keken Raleigh irin na iyayenmu kan ci kusan mita 2.2 a zagaye guda, ke nan zagaye wajen 450 ya ba da kilomita ɗaya. Dabarar ma tsohuwa ce, domin tun 1895 Curtis Veeder ya ƙera irinta ta ƙarfe a Amurka.

To, da mai faci ya kifa keken ya wulwula ƙafar gaba don ya duba ko ta karkace, sai muka ga lambobi suna hawa. Keke yana kwance, na'ura tana cewa gudu ake yi! Da yaron ya hau ya tafi, ya tsaya gaida wani dattijo a can gaba, mun san abin da ta nuna a lokacin: sifili.

Wannan ya sa mu tunani. Ba mu ce awo laifi ne ba. Fataken da suka je Gwanja sayen goro da zango suke lissafin tafiya, kuma malamanmu na Malikiyya sun ƙayyade mil 48 kafin matafiyi ya yi sallar ƙasaru. Sai dai su sun san inda suka nufa kafin su fara ƙirga. Na'urar nan kuwa daidai take rubuta wa wanda ya je duba mara lafiya da wanda ya je kai tsegumi. Tsoronmu shi ne ranar da yaron zai ƙi tsayawa gaisuwa don kada lambarsa ta faɗi. In an kai nan, ma'auni ya zama ubangida, alhali Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a sauri take ba.

Mu ma kada mu yi wa yaro dariya. Mu malamai muna alfahari da yawan darussan da muka kammala, ko ɗalibi ya gane ko bai gane ba. Mu marubuta kuwa, da zarar mun haɗu sai tambayar littafi nawa ka fitar, shafi nawa ne. Wani ya cika shafi ɗari uku, amma labarinsa yana nan inda ya fara, tamkar ƙafar keken da aka kifa. Wani kuma ya yi mako guda yana gyaran sakin layi ɗaya. A lissafi bai yi komai ba, amma wannan makon ne zai sa a karanta shi bayan ransa.

Ya kai sabon marubuci, ƙirga shafukanka in kana so, amma kowace safiya ka fara tambayar kanka ina za ka da wa za ka amfana. Allah ya sa mu dace, amin.