Iccen Nowel da maganar kayan aro

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wannan karin maganar ita ce sandar da ake ɗauka duk ƙarshen Disamba, in an ga iccen roba kore shar a ƙofar wani butiki ko a falon wani gida, an rataya masa ƙwallaye masu walƙiya da ƴan fitilu, an manna masa auduga wai ƙanƙara ce. Sai ka ji an ce: "Dibi wanga abu! Ina mu ina ƙanƙara? Kwaikwayon Nasara ne kawai." Na ji Musulmi sun faɗa, na kuma ji Kiristocin kansu sun faɗa. Ni ba Kirista ba ne, kuma ba hukuncin addini na zo yankewa ba, wannan aikin malamai ne da fastoci. Tambayata ƙarama ce, amma ta shafi kowane gida: shin ado da abin da ba naka ba ƙarya ne? In ƙarya ne, wa ake yi wa ita?

Mu fara da iccen kansa. Ba a Baitalami ya tsiro ba, kuma ba a Paris aka fara shi ba. Al'adar mutanen yankin Alzas ce da ƙasashen Jamus. A garin Selesta akwai takardar lissafin kuɗi ta shekarar 1521 da ta ambaci biyan masu gadin daji don su tsare itatuwa in Nowel ta gabato, alamar tun lokacin mutane na sara suna kaiwa gida. Abin da suke ratayawa kuwa abin hannunsu ne: tuffa, ƴan waina, kayan zaƙi. Talakan Ingila bai ɗauki abin da zafi ba sai bayan 1848, da wata jarida ta Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Bajamushe da ƴaƴansu kewaye da icce. Ka ga ke nan Baturen Ingila ma kwaikwayo ya yi, kwaikwayon fada ma kuwa. Ƙwallayen da muke gani yau jikokin tuffa ne. A garin Maizantal ana ba da labarin cewa fari na 1858 ya hana tuffa, sai wani mai hura gilashi ya yi masu kama da ita. Yau kuma mafi yawan kayan daga Sin suke fitowa, daga irin kasuwar birnin Yiwu, kuma masu ƙera su da yawa ba bikinsu ba ne. To aron wa muka yi? Na Bajamushe, na Bafaranshe, ko na ɗan Sin?

Mu kuma masu zargi, mu dubi jikinmu ranar Sallah. Shaddar da muke taƙama da ita, Getzner, daga Otiriya take zuwa. Ganyen shayin da muke dafawa kofi uku a fada daga Sin ne. Kwanonin jeren da iyayenmu mata suka cika bango da su a masana'anta aka buga su, kuma akwai kwanon da ya shekara talatin a jere bai taɓa ganin tuwo ba. Ba wanda ya ce wa amarya maƙaryaciya saboda kwanonta ba komai ciki. Kowa ya san aikin kwanon nan shi ne a gan shi. Da a ce duk abin da ya ƙetaro iyaka za mu tuɓe, da kaɗan daga cikinmu za su iya fita masallacin idi.

Na daɗe a kan wannan ne saboda kalmar "aro" ba ta tsayawa kan icce. Daga "iccensu na baƙi ne" zuwa "su ma baƙi ne" taki ɗaya ne. Alhali mishan sun zauna Damagaram tun 1924, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, kuma a Tsibiri da Maraɗi da Dogon Dutsi akwai Hausawan da kakanninsu ma Kiristoci ne, da Hausa suke addu'a, da Hausa suke faɗa da ƴaƴansu. Ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasar nan. Amma duk mun san abin da ya faru ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 a Damagaram da Yamai, da aka ƙone majami'u aka rasa rayuka a kan zanen da wasu suka yi a Faransa, waɗanda ba su ma san da zaman maƙwabtanmu a duniya ba. Mutumin da ya kunna ƴan fitilu a tagarsa bayan wannan, ni dai ba na iya yi masa dariyar auduga.

Duk da haka masu zargin ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba, sai dai ba inda suke nemanta take ba. Mutumin Alzas da ya shigo da icce ɗaka, yana da dalili. A ƙasarsu cikin Disamba itatuwa sun kaɗe, dare ya yi tsawo, gona ta daskare, sai irin wannan iccen ne kaɗai ke riƙe da ganyensa. Shigo da shi gida kamar cewa ne rai bai ƙare ba. Mu ma Disamba lokacin ɗari ne da hazo, an gama girbi, ciyawa ta bushe, gonaki sun koma kara da rairayi. Kuma muna da iccen da ke yin wannan maganar, har ya fi nasu iya ta. Gawo yakan zubar da ganye da damina, lokacin da kowa ke kore, ya bar wa gero rana. In rani ya shigo, kowa ya bushe, shi kuma sai ya yi shar, ya ba bisashe inuwa da ƴaƴa. Yaron da ya tashi a Maraɗi ya san sunan iccen Turai cikin littafin lakwal, amma bai taɓa lura da wannan hali na gawo ba, an yi masa asara. Asarar ba ta icce ba ce kawai. Yana iya girma da jin cewa biki na ainihi a wata ƙasa ake yin shi, na gidansu hoto ne.

Kada wani ya ji haka ya ɗauki gatari. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo tun ƙarni na 19, kuma manoman jihar Maraɗi sun shafe shekaru tun wajen 1983 suna raya kututtura da sassabe na hikima don itatuwa su dawo gonaki. Ƙasar da ta keɓe 3 ga Agusta don dashen icce ba ta da wanda za ta sare don adon mako biyu. A nan, abin dariya, iccen roba ya fi tausayin daji. Mu ne ma ya kamata mu fahimci icce na madadi: tun da mota ta kayar da iccen Tenere a 1973 aka kai gawarsa gidan tarihi na Yamai, na ƙarfe ne ke tsaye a gurbinsa, kuma ba wanda ya ce hamada ta yi ƙarya.

A gidan hayar da na zauna shekarar da na shiga jami'a, akwai wata uwa mai ɗiya uku, muna ce mata Inna. Ba ta sayen icce. Busasshen reshe take sa a samo mata, a kafa cikin gwangwanin madara da aka cika da rairayi. Abin da ya fi burge ni shi ne gardamar da ake yi a kan kowane abin ratayawa. Babbar ɗiyar tana son ƙwallayen kasuwa, ja da ruwan zinariya, irin na talabijin. Ƙanenta ya yi tauraro da kaba. Akwai ƴan ludaya, da tuntun fata, da dabino da aka zura wa zare, da ƙwallo guda mai tsagewa wanda kakarsu ta bari, shi kuwa ba a gardama a kansa, wurinsa daban. Da autan ya kawo auduga zai manna, yayarsa ta ce ƙauyanci ne. Inna ta ce: "Ƙyale shi. Shi ma ya san kaɗa ce." Rabin adon na Sin ne, rabi na bakin kasuwa, kuma in ka tsaya gabansa ɗiyan za su gaya maka wa ya kawo me, da wanda ya yi kuka kafin a yarda da nasa.

Maganar Inna ita ce ta ba ni ma'aunin da nake amfani da shi. Ƙarya tana bukatar wanda za a ruɗa. Audugar nan ba ta ruɗin kowa. Yaro ya san daga katifa ya cizgo ta, baƙo ya sani, wasa ne irin na ɗan da ke hawan kara ya ce doki. Ƙwallon Sin ma bai ce shi tuffa ba ne. Abin da ban yafe ba shi ne kwalayen wofi. Ka san su: kwalin sabulu ko na sukari, a naɗe shi da takarda mai walƙiya, a ɗaure da zare, a jera ƙarƙashin icce kamar kado. A otel ko a banki ba komai, kowa ya san talla ce. Amma a gida akwai mutum guda da bai sani ba, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Zai kwana yana lissafin abin da ke ciki. In ya girgiza ya ji shiru, abin da zai koya shi ne akwai adon da aka yi don idon baƙi, an kuma yarda a biya shi da zuciyarsa. Wannan kuwa ba sai da icce ake yin shi ba. Mun san ragon layyar da aka ci bashi don a gan shi ɗaure a ƙofa, ɗiyan gida kuma su koma lakwal ba littafi. Mun san akwatin lefen da aka cika ƙasansa da zannuwan aro, a mayar bayan biki.

Wani abokina da muka yi wannan zancen ya ƙi yarda. Ya ce: "Kai ba ka da iyali shi ya sa. Uban da albashi bai zo ba, mi kake so ya yi? Ya bar ƙarƙashin iccen fayau, maƙwabta su shigo su gani?" Ya ce kwalin wofi sutura ce, kuma rufin asiri ba ƙarya ba ne. Maganarsa tana da nauyi, don mu mutane ne da ke roƙon Allah rufin asiri safe da yamma, kuma ban ga laifin mutum ya ƙi tallan talaucinsa ba. Inda muka rabu shi ne wanda ake rufe wa asirin. In uban ya kira ɗiyansa ya ce musu bana babu, ku zo mu naɗe kwalayen nan tare don ɗaki ya yi kyau, to kwalin ya koma auduga, kowa na gida ya san kaɗa ce, maƙwabci kuma ba hakkinsa ba ne ya san abin da ke ciki. Abokina ya ce faɗa wa yaro ɗan shekara biyar "babu" ya fi naɗe kwali wuya nesa ba kusa ba. Na ce haka ne, ya fi wuya. Ya ce to dabino bakwai ma in an zuba a kwalin ai ya daina zama wofi, kuma dala ashirin ta isa. A nan ne aka ɗauke wuta, muka tashi neman cocila.