Shin Bana Takan Maimaita Bara?

Duk ɗan kasuwar hatsi a Nguru ko Gashuwa ya haddace karatu guda: a saya da kaka, a sayar da damina. Idan aka girbe gero, bashi da hidimar aure suka matsa wa manomi, sai farashi ya faɗi. Idan rumbuna suka yi ƙasa wajen Yuli da Agusta, sai ya tashi. Wannan juyi ya daɗe yana maimaituwa, har wasunmu suka ɗauke shi tamkar fitowar rana. To, anya kuwa haka ne?

Mu tuna da gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, an shafe shekaru fiye da arba'in kaka na zuwa da kuɗinta. Sai ga farin 1973, annobar da ta danƙwafe gyaɗa a 1975 ta biyo baya. Wanda ya zauna jiran dawowar waccan kasuwa, har yau jira yake yi.

Misali na kusa ya fi ciwo. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba a 2024. Da kakar wannan shekara ta zo, jama'a suka yi rububin saye suna ajiyewa, har da mu ma'aikatan albashi da ba mu san maganin ƙwari ba. Amma gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, masu ajiya kuma suka yi yawa, kowa na jiran rana ɗaya. A 2025 farashi ya sauko, da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. A nan ne kasuwa ta bambanta da damina: hadari bai san muna dubansa ba, amma kasuwa mu ne ita. Da zarar kowa ya gane juyinta, ganewar ce take sauya shi.

Akan kafa hujja da ajiyar Annabi Yusufu, alaihis salam. Sai dai shi da ilimi daga Allah ya yi tanadi, kuma don a ci. Mu kuwa kintace muke yi. Ba mu ce ajiya laifi ba ce, don in babu mai ajiya, wa zai fito da gero a Agusta? Abin da ke damunmu shi ne, wanda ya cika sito yana jiran tsada, ko bai furta ba, ranar da tukunyar maƙwabcinsa za ta kwana a kife yake ƙirgawa.