Wanda Ya Ɓata, Zai Iya Gyarawa?

Tsibirin Santa Helena yana tsakiyar Tekun Atlantika, inda Ingilishi suka tsare Nafoliyon har ya mutu a 1821. Da mutanen Fotugal suka iso shi a 1502, ba kowa a cikinsa sai itatuwa da tsuntsaye. Suka saki awaki domin matuƙan jiragen ruwa su riƙa samun nama. Awaki suka cinye ƙananan tsiro, mutane kuma suka sare manya.

Akwai wani itace mai farin fure da ake kira eboni, wanda ba ya tsiro ko'ina a duniya sai can. Fiye da shekara ɗari ana zaton ya ƙare. A 1980 aka hango guda biyu maƙale a jikin dutse, inda akuya ba ta iya kaiwa. Wani ɗan tsibirin ya sauka da igiya, ransa a hannu, ya yanko reshe. Aka dasa, ya kama, har ya yaɗu a wurare da yawa.

To, an biya bashin ke nan? Mai noman rogo ya san amsa. Abin da aka dasa daga kara ba ɗa ba ne, uwar ce aka raba. Ko sun cika gona, jininsu ɗaya ne, cutar da ta kayar da ɗaya kuwa ba za ta bar saura ba. Allah ya damƙa wa Adamu gona ya kiyaye ta, amma bai ba shi ikon yin halitta ba. Mutum yana iya yawaita abin da ya rage. Bambancin da awaki suka cinye cikin ɗaruruwan shekaru, wannan ya fi ƙarfin hannunsa. Duk da haka mai bashin da ya ƙi biyan rabi don ba shi da duka, ya ƙara laifi a kan laifi.

Wani itacen tsibirin, da ake kira zaitun ko da yake ba zaitun ba ne, bai sami ko wannan rabin ba. Guda ɗaya tak aka samu a 1977. Irinsa da wuya ya ba da ƙwaya sai da garin furen wani ɗan'uwansa, ɗan'uwa kuwa babu. Ya mutu a 1994. Kaɗan da aka raya daga jikinsa suka yi ta fama da cuta, na ƙarshe ya bushe a 2003.